Ginawa da Riƙewa: Waiwaye Kan Ayyukan Gwamnati a Tambuwal da Kebbe

Hanyar birji ba ta lalacewa dare ɗaya. Daga kwalbati take farawa. Iskar bazara ta kwaso leda da kara da yashi ta cusa a bakinsa, ruwan farko ya zo ya danne su, ciyawa ta tsiro a kai. Kafin watan Agusta, ramin da aka yi domin ruwa ya bi ya toshe. Sai ruwan ya taru a gefe guda, ya jiƙa cikon da aka ɗora hanyar a kai, ya haura ya soma cin ɗaya gefen. Wata tifa ta zo da lodi ta taka wurin, ƙasa ta zaftare. Ranar kasuwa a wayi gari motoci sun yi cirko-cirko a gaɓa biyu, ana sauke buhuna ana tsallakewa da su a ka, direban can ya karɓi fasinjan direban nan. Aikin da mutum biyu da shebur za su gama kafin azahar a watan Mayu ya koma kwangilar miliyoyi, wadda sai an rubuta takarda zuwa Sakkwato, an jira kasafin baɗi.

Duk wanda ya bar babban titin Sakkwato zuwa Jega ya nufi kudu wajen Kebbe da ƙauyukanta a tsakiyar damina ya san wannan labari. Ƙasa ce ta fadama, Gulbin Zamfara ya ratsa ta a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega, kuma abin da ya sa shinkafa ke yi a can shi ne ke cin hanya. A ƙidayar 2006 an samu mutum kusan 225,000 a ƙaramar hukumar Tambuwal, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,700 da 'yan kai. Kebbe kuwa ta haura murabba'in kilomita 2,600, amma mutanenta ba su kai 125,000 ba. Ma'anar wannan a wurin mai tsara aiki ita ce, kowane mutumin Kebbe yana buƙatar hanya mai tsawo fiye da ta ɗan'uwansa na Tambuwal kafin ya kai ga asibiti ko kasuwa, ga shi masu biyan kuɗin shiga sun fi ƙaranci. Dogon Daji da garin Tambuwal suna bakin kwalta. Mutumin Kuchi ko Girkau ko Ungushi lissafinsa daban ne.

Ba na cikin masu kukan cewa zamanin En'e aljanna ce. An yi aikin tilas, an ɗebi mutane daga gonakinsu a lokacin da suka fi bukatar zama, kuma harajin da aka tara a baitulmali da dukan dogarai aka karɓi wani. Amma akwai abu ɗaya da tsarin wancan lokaci ya gane, mu kuma muka yar. An yanka hanya gunduwa-gunduwa, kowane yanki da leburorinsa da helumansu. Kayan aikinsu bai wuce diga da shebur da baro da kwanon sarki ba. Da rani su tara marmara a gefen hanya tsibi-tsibi, su cike rami tun yana kamar tafin hannu, su share gargada. Gab da damina su yashe lambatu, su leƙa cikin kowane kwalbati. Idan wuri ya karye, ba a tambayar wace hukuma ce ke da alhaki. An san sunan helman da ke riƙe da wannan mil ɗin, foman ya san gidansa, hakimi ma ya san shi. Tsoron a kira sunanka shi ne ya riƙe waɗannan hanyoyi, ba ƙwarewar injiniya ba.

Garambawul ɗin 1976 ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, kowace da sashen ayyukanta. Daga nan kuma sai aka shiga yayin hukumomin wucin gadi. A farkon shekarun 1980 aka yi SARDA, shirin raya noma da karkara na Jihar Sakkwato da Bankin Duniya ya tallafa, ya haƙa rijiyoyin burtsatse ya fitar da hanyoyin kai amfanin gona. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI. Bayanta aka yi hukumar asusun rarar man fetur ta PTF a zamanin Abacha, wadda Janar Buhari ya shugabanta, har Obasanjo ya rushe ta a 1999. Kowace ta zo da allonta da motocinta, kowace ta yi abin da za a nuna. Kowace kuma da ta naɗe tabarmarta sai ta tafi da takardunta, ta bar wa ƙaramar hukuma dukiyar da ba ita ta tsara ba, ba a ba ta taswirarta ba, ba a kuma ƙara mata ko kwabo na kula da ita ba.

Ba mu kaɗai abin ya ci ba. A 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan lalacewar hanyoyi a ƙasashe masu tasowa 85, inda ya ƙiyasta cewa an yi asarar hanyoyi na kusan dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, alhali gyaran da bai kai na dala biliyan 12 ba zai iya hana wannan asara. Shekara kusan arba'in ke nan da wannan lissafi, kuma har yau kasafin kuɗinmu bai ji shi ba.

A dubi famfon tuƙa-tuƙa, wanda kusan babu ƙauyen da ba shi da ko guda a yankin nan, mai rai ko matacce. Abin da ke kashe shi yawanci bai taka kara ya karya ba: robar da ke cikin silinda ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko kusoshin hannu su kwance. Alamar farko ita ce yarinya ta daɗe tana tuƙawa kafin ruwa ya fito. Daga nan hannun ya fara lilo, yara su riƙa rataya a jikinsa. Ran da ya tsaya cak, sai a yi kwana biyu ana cewa a kai ƙara wurin kansila, kansila ya ce zai gaya wa ciyaman. Mata su koma tsohuwar rijiya ko bakin gulbi. Bayan shekara biyu wani ɗan siyasa ya zo ya haƙa sabuwa taku ashirin daga tsohuwar, da tanki da sola da sunansa a jiki, a yi tafi. Ramin farko yana nan da ruwansa a ƙasa, abin da ya rasa bai kai kuɗin ragon da aka yanka ranar buɗe sabon ba. Masu ƙera irin waɗannan famfuna, musamman samfurin Afridev, sun tsara su ne da gangan domin mutum biyu a ƙauye su iya zaro sandunan su canza roba ba tare da an kira injiniya daga birni ba. Amma wannan yana bukatar a koya wa wani, a ba shi sifana, a san shagon da ke sayar da robar a Tambuwal ko Jega, a kuma ajiye ɗan asusu. Wannan kashi na aikin ba shi da ranar buki, shi ya sa ake tsallake shi.

Wani zai ce ai matsalar rashin babban mutum ce a sama. Yankin nan ya ƙaryata wannan zance. Kebbe da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma wanda ya wakilce ta daga 2003, Aminu Waziri Tambuwal, ya zama kakakin majalisar daga 2011 zuwa 2015, sannan ya yi gwamna shekara takwas. Ƙananan hukumomi kaɗan ne a Najeriya suka taɓa samun irin wannan dama. Abin da na fahimta shi ne, ɗan gida mai ƙarfi yana iya jawo sabon gini, amma ba ya iya zama helma. Riƙon aiki al'amari ne na kullum, na albashin leburori da man gireda da littafin rajista, kuma wannan sai ofishin da ke zaune a garin.

Doka ba ta bar wurin shakka ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da hanyoyin cikin yanki, da magudanun ruwa, da fitilun titi, da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da kwashe shara. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. Sai dai sashe na 162 ya sa kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, kuma a nan ne aka daɗe ana kai ruwa rana a duk faɗin ƙasar. Ciyaman ya ce bayan albashin ma'aikata da malaman firamare ba abin da ke saura a hannunsa, jiha ta ce ita ke yi masa manyan ayyuka. A tsakaninsu sashen ayyuka ya zama wurin sa hannu a tafi gida. A sakatariyoyi da yawa a Arewa za ka ga gireda a kan duwatsu, tayoyinta sun fashe, awaki na kwana a inuwarta.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta a riƙa tafiyar da su da kantomomin riƙo. Mutane sun yi murna, ni ma na yi. Amma ina da fargaba guda. Idan kuɗin ya iso Kebbe ko Tambuwal yadda hukuncin ya ce, abu na farko da zai zo wa ciyaman a rai shi ne ya yi abin da ya ga manya suna yi: ya ba da kwangila, ya kafa allo, ya kira 'yan jarida. Jama'a ma haka muke so. Idan tawagar gari ta je gaisuwa, roƙon ba ya wuce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da sabon kaza." Da wuya ka ji mai unguwa ya roƙi a ɗauki leburori huɗu su riƙa kula da hanyar da ake da ita. Mu muka koya wa 'yan siyasa cewa gyara ba ya kawo ƙuri'a.

Akwai alamar cewa masu ba da bashi sun gaji da wannan hali. Shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafawa kuma Sakkwato na cikinsa, ya nemi jihohi su kafa hukumar hanyoyin karkara da asusu na musamman domin gyara. Tunani ne mai kyau, amma asusu a babban birni ba zai san wace gada ce ta tsage a Margai ba.

Abin da zan so in gani ba ya bukatar bashin kowa. Sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukumar ya ɗauki littafi, ya zaga mazaɓu tare da kansila da dagaci, ya rubuta duk abin da gwamnati ta mallaka: rijiya nawa, aji nawa, rumfar kasuwa nawa, hanya kilomita nawa, wanne ke aiki, wanne ya mutu, me ya kashe shi. A gaban kowane layi a rubuta sunan mutum guda da lambar wayarsa. A liƙa kwafi a bangon sakatariya da ƙofar gidan hakimi, a sabunta shi duk watan Afrilu, tun da sauran lokacin yin wani abu kafin ruwa ya sauka. Sannan idan majalisar kansiloli ta zauna kan kasafi, a hana sabon aiki shiga sai an nuna layin da za a riƙa biyan kuɗin kula da shi. Ciyaman ɗin da ya fara wannan zai sha suka a shekararsa ta farko, domin ba shi da abin da zai gayyaci gwamna ya buɗe, kuma 'yan kwangilar jam'iyyarsa za su kai ƙararsa Sakkwato tun kafin ƙurar rani ta kwanta.