Tikiti Alkawari Ne

Jama'a, da wuya a yi wata guda ba a ga wata jarida ta buga kukan fasinjojin jirgin sama ba. Wannan an soke masa tafiya ba sanarwa, wancan ya kwana bisa benci a filin jirgi, wani kuwa ya zo da tikitinsa a hannu an ce masa kujeru sun ƙare. In aka buga irin wannan labari, sai manyan kamfanoni su ce wai jaridu suna ɓata musu suna. To, mu dai muna bayan masu kukan, muna kuma bayan jaridun da ke buga shi. Hujjarmu kuwa za mu ɗauko ta daga ƙasar Amurka, inda aka yi wani abu da ya kamata kowane talaka ya sani.

Ran Lahadi, 9 ga watan Afrilu, 2017, wani jirgi mai aiki da sunan kamfanin United Airlines ya yi shirin tashi daga Shikago zuwa Louisville. Fasinjoji duk sun shiga, kowa ya zauna a kujerar da ya biya. Sai ga ma'aikatan jirgi su huɗu, ana so a kai su Louisville don su kama aiki washegari. Aka ce ana neman mutum huɗu su sauka, a ba kowa takardar dala 400, daga baya aka ƙara zuwa 800. Takardar nan kuwa ba kuɗi ba ce a hannu, ba ta sayen kome sai wani tikitin kamfanin. Ba wanda ya motsa. Da kamfani ya ga haka, sai ya zaɓi mutum huɗu da kansa.

Cikin waɗanda aka zaɓa akwai wani dattijo likita, mai shekara 69. Ya ce ba zai sauka ba, don yana da marasa lafiya da zai duba da safe. Aka kirawo masu tsaron filin jirgi, suka fizge shi daga kujera, suka ja shi a ƙasa kamar buhun gyaɗa, jini na zuba a bakinsa. Lauyansa ya bayyana cewa an karya masa hanci, haƙoransa biyu na gaba sun fita, ƙwaƙwalwarsa kuma ta bugu. Alhali kuwa tsakanin garuruwan nan biyu bai wuce mil 300 ba, watau kusan kamar Kano zuwa Abuja. Da an ɗauki hayar mota an kai ma'aikatan nan, da sun isa a daren.

Yanzu sai mu duba tushen abin. Kamfanonin jirgin sama sun saba sayar da tikiti fiye da yawan kujerunsu, wai don kullum a kan sami waɗanda ba su zo ba, kada jirgi ya tashi da kujera ba kowa. Dokar Amurka ba ta hana wannan ba. In kuwa kowa ya zo, sai a bar wani a ƙasa. A ranar nan ma'aikata ake nema wa kujeru, jirgin kuwa ya riga ya cika, amma da yake hannu ya riga ya saba, sai aka yi wa fasinjoji abin da aka saba yi musu. A shekarar 1916 ba a san wannan sana'a ba, amma a 2016 kaɗai mutum wajen 40,000 aka hana su hawa jirgi a Amurka ba da son ransu ba, ga kuwa tikiti a hannunsu.

Ku 'yan kasuwa, ku ne alƙalai a nan. In mutum ya ba ka kuɗin buhun gero, ka karɓa, sa'an nan ka sayar wa wani da buhun nan don kana zaton na farkon ba zai dawo ba, mene ne sunanka a kasuwa? Sarkin kasuwa ba zai bar ka ka sake kasa kaya ba. Ko a tasha, ɗan kamasho ba ya sauke wanda ya biya ya zauna don yaron mota ya sami wuri. Amma abin da ake kira ha'inci a rumfa, in ya shiga ofis mai sanyi sai a ba shi suna mai daɗi, a rubuta shi cikin sharuɗɗan tikiti da ƙananan baƙaƙe waɗanda ba mai karanta su.

Ga kuma inda abin ya fi taɓa mu. A sharuɗɗan kamfanin, in za a sauke mutum ba ƙuri'a ake jefawa ba. Ana duba irin kuɗin da ya biya, da ko yana cikin manyan abokan cinikin kamfani masu yawan tafiya, da lokacin da ya zo aka duba tikitinsa. Watau mai tikitin araha, wanda ya yi tari kafin ya saya, shi ne a bakin ƙofa. Attajiri da ke zaune a gaba ba ya ko jin labari. Wannan shi ne abin da jam'iyyarmu ta daɗe tana faɗa, cewa ko'ina aka ce a matsa, talaka ake matsawa.

To, wa ya ƙwato wa dattijon nan haƙƙinsa? Washegari shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fito ya ba da haƙuri, amma wai don an sake wa waɗansu fasinjoji wurin zama. A takardar da ya aika wa ma'aikatansa kuwa ya ce dattijon ne mai tada fitina. Da a ɗaki aka yi abin, da nan maganar ta mutu. Amma fasinjoji sun ɗauki hoton abin da wayoyinsu, jaridu da gidajen rediyo da talabijin suka kama, suka ƙi saki. Suka tono sharuɗɗan tikiti suka karanta wa jama'a, suka mai da kalmar shugaban abin dariya. Mutane suka fara cewa sun daina hawa jirgin kamfanin, hannun jarinsa ya faɗi a kasuwa. Ran 11 ga wata sai ga Munoz ya sake fitowa, ya ce laifin nasu ne.

Ran 27 ga watan nan kamfani ya sasanta da dattijon, ya kuma yi shelar sababbin ƙa'idodi. Wanda ya riga ya zauna ba za a tashe shi don a ba wani ba. Ba za a kirawo 'yan sanda ba sai in maganar tsaro ce. Wanda ya yarda ya bar kujerarsa ana iya ba shi har dala 10,000. Ran 2 ga watan Mayu aka zaunar da Munoz gaban kwamitin majalisar wakilai yana amsa tambayoyi, a 2018 kuma majalisa ta yi dokar da ta hana a sauke fasinjan da ya riga ya shiga jirgi don neman kujera. Ma'aikatar sufuri ta gwamnati kuwa, wadda aka ɗora wa kare fasinja, ko anini ba ta ci kamfanin tara ba. Ashe tuban nan na tsoron jarida ne da tsoron asara.

Ba mu ce jaridu duka sun yi abin kirki ba. Akwai waɗanda suka bar zancen kujera suka shiga tonon tsohon tarihin dattijon, sai ka ce wanda ya taɓa tuntuɓe a rayuwa ba shi da ikon zama a kujerar da ya saya. Wannan aikin 'yan koren masu kuɗi ne, mun yi tir da shi.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada wani ya ce jirgin sama ba ruwan talaka. Falken da ke zuwa Legas ko Dubai saro kaya, da maniyyacin da ya sayar da shanunsa don ya sauke farali, da mai kai mahaifiyarsa asibiti a Masar, duk namu ne. A Nijeriya ma akwai ƙa'ida, tana cikin kashi na 19 na dokokin hukumar kula da jiragen sama, watau NCAA. In an jinkirta jirgin cikin gida awa 2, sai a ba ka abin taɓawa. In ya wuce awa 3, kana da ikon karɓar kuɗinka. In an hana ka hawa alhali kana da tikiti, akwai diyya. Amma mutum nawa suka san haka?

Saboda haka muna kira ga gwamnati ta tilasta a rubuta haƙƙin fasinja da Hausa da sauran harsunanmu, da manyan baƙaƙe, a manna a kowane filin jirgi da kowane ofishin sayar da tikiti. Muna kira hukuma ta riƙa buga sunan kowane kamfani da yawan ƙarar da aka kai shi da tarar da ya biya, kowane wata. Muna kuma gargaɗin mahukunta da su cire hannunsu daga wuyan ɗan jaridar da ya buga kukan fasinja.

Ku kuma 'yan'uwa, in an yi muku haka kada ku ce ƙaddara ce ku koma gida. Ku riƙe tikitinku da rasit, ku rubuta rana da lokaci, ku nemi shaidu cikin abokan tafiya, ku kai ƙara ofishin hukuma da ke filin jirgi, sa'an nan ku kawo mana mu buga. Alkawari kaya ne, wanda ya karɓi kuɗin kujera kuwa ya ɗauka.