Daidai Hannu, Daidai Tsirkiya

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da muka daɗe muna jin tana yawo a bakin samari masu sha'awar kiɗan zamani, tun daga ɗakunan kwanan ɗalibai har zuwa majalisun yamma na Kabo da Garo da Gwarzo da Getso. Maganar kuwa ita ce, wai jitar bes, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu mai kaurin murya, idan ba doguwa ba ce to ba ta cika jita ba, wai gajeriyar ta yara ce da 'yan koyo. Mu dai a namu ganin wannan magana ba ta da tushe balle makama, kuma tana jawo asara iri biyu: asarar kuɗin da aka tara da gumi, da asarar matasan da suka jingine jita a bayan ƙofa saboda ta fi ƙarfin hannunsu, alhali da sun dace da daidai su da yanzu sun zama gwanaye. Saboda haka muka ga ya kamata a baje maganar a faifai.

Da farko ya kamata mu san abin da ake aunawa idan aka ce jita doguwa ce ko gajeriya. Abin da ake aunawa shi ne tsawon tsirkiya daga ƙashin da ke saman wuyan jita zuwa jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jikinta. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Amurka a 1951, tsawon inci 34, wato kimanin santimita 86, ya zama ma'aunin da yawancin kamfanoni ke bi. Matsakaiciya tana da inci 32, kimanin santimita 81, gajeriya kuwa inci 30 ne ko kusa da haka, kimanin santimita 76. Mai karatu zai ce, to mene ne inci huɗu? Amsar tana a yatsu. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da aka gindaya, tamkar gaɓoɓin kara, waɗanda ake danne tsirkiya a bayansu. Tazarar da ke tsakanin gaɓa ta ɗaya da ta huɗu, inda mai koyo ya fi daɗewa yana fama, ta kai santimita 13 a doguwa, ta ɗan haura 12 a matsakaiciya, a gajeriya kuwa ba ta kai 11 da rabi ba. Duk wanda ya taɓa ware manuniya da ƙaramin yatsa na tsawon awa guda ya san wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Bugu da ƙari, akwai lissafin da duk wanda ya yi kimiyya a sakandare zai iya bi. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kaɗawa kusan sau 41 a cikin sakan ɗaya. Idan kaurin tsirkiya ɗaya ne, sautin da ake nema ɗaya ne, to ƙarfin ɗaurin da take bukata yana tafiya ne da tsawonta a ninka shi da kansa. Ke nan tsirkiyar inci 30 ta fi ta inci 34 sassauci da kimanin kashi 22 cikin ɗari, ta inci 32 kuwa da kimanin kashi 11. Wannan sassauci shi ke sa danna ta ya yi sauƙi, shi ne kuma ke ba gajeriya muryarta ta musamman, mai kauri da laushi, wadda ta fi kama da amon ganga fiye da ƙarar ƙarfe.

In kuwa ana neman shaida daga wajen waɗanda suka yi suna a duniya, ai ga ta nan birjik. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ta Ingila ya sayi Höfner mai siffar goge irin na Turawa a birnin Hambug na Jamus a 1961, kuma tsawon tsirkiyarta inci 30 ne. An sace wannan jita a Landan a 1972, ba a sanar da dawowarta hannunsa ba sai a 2024, kuma da labarin ya fito duniya ta ɗauka. Jack Bruce na ƙungiyar Cream ya yi suna da Gibson EB-3 mai inci 30 da rabi. Kamfanin Fender da kansa ya fito da gajeriya mai suna Mustang a 1966, Bill Wyman na Rolling Stones ya riƙe ta, haka ma Tina Weymouth ta Talking Heads. Stanley Clarke, dogon mutum mai manyan hannuwa, wanda masana kiɗan jaz ke sa shi a sahun gaba, gajeriyar Alembic ya zaɓa. Shin waɗannan ne yaran da ake faɗa?

Amma mu Hausawa ba ma bukatar sai mun ƙetare teku kafin mu gane wannan. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya tak wanda bai fi a sa shi a aljihun babbar riga ba. Garayar mafarauta tsirkiya biyu gare ta, molo uku, goge da kukuma kuwa tsirkiyar gashin doki guda. Kakanninmu sun kuma san cewa idan ana son murya mai kauri sai a ƙara girman ƙoƙo da tsawon sanda, shi ya sa aka sami babbar garaya a gefen ƙarama. Sai dai ba mu taɓa jin an auna gwanintar makaɗi da tsawon sandarsa ba. Makaɗin gargajiya yakan sassaƙa abin kiɗansa ne daidai hannunsa, ko ya sa a sassaƙa masa, don ya san hannu ne ke kiɗa. Mu da muka yi boko ne muka koma sayen kaya da ido, muna neman wanda zai cika hoto.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan jita, ina ruwan ɗalibin jami'a da shi? Ruwansa kuwa babba ne. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa, daga baya kuma kwamfuta ta karɓe shi. Mutum ɗaya a gaban na'ura shi ne mai ganga, shi ne mai goge, shi ne mai bes. An sami sauƙi da araha, ba mu musa ba, amma hannuwan da ke kiɗa sun ragu ƙwarai, har ta kai ga mawaƙi ya hau dandamali ba makaɗi ko ɗaya a bayansa, sai faifai yana juyawa shi kuma yana motsa baki. Alhali a ƙasar nan aka yi marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, da ƙungiyarsa ta makaɗa masu rera waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani. Mu leƙa maƙwabta kuma. A Nijar, Bombino da Mdou Moctar sun kai kiɗan jita Turai da Amurka, shi Mdou ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Hausa na cikin harsunan da take waƙa da su, ta fitar da faifanta Kaani a kasuwar duniya a 2013. Duk ƙungiya irin wannan a kan mai ganga da mai bes take tsaye, kamar yadda ɗaki ke tsaye a kan harsashi. Idan muna son Kano ta sake samun makaɗa masu kiɗa da hannu, dole a sami yaran da za su fara koyo tun suna sakandare, maza da mata, kuma yaro ɗan shekara 13 ba zai daɗe da jitar da ta fi hannunsa ba.

Ba za mu ɓoye illolin gajeriya ba, don adalci ya wajaba ko a kan abin da mutum ke so. Na farko, tsirkiya mai kauri takan yi sako-sako a wasu gajerun, sautinta ya dushe, musamman a masu araha. Maganinsa shi ne a sa tsirkiyoyi masu ɗan ƙarin kauri, ko a nemi matsakaiciya mai inci 32, wadda kamfanonin Japan suka ƙera da yawa a shekarun 1980. Na biyu, tsirkiyarta ta fi wuyar samu a kasuwanninmu, kuma idan aka ɗaura mata ta doguwa, sashen mai kauri yakan naɗe a maɗauri har ya iya tsinkewa. Saboda haka mai saye ya tabbatar da inda zai sami tsirkiya kafin ya biya, ya kuma haɗa da ta ajiya. Na uku, tunda jama'a sun fi sanin doguwa, sayar da gajeriya yakan ɗauki lokaci. Duk wannan gaskiya ne. Kuma wanda Allah ya ba dogon hannu, yake son sauti mai kaifi, ya sayi doguwarsa, ba wanda ya hana. Abin da muke ƙi shi ne a raina gajeriya don gajartarta kawai.

To, ga wanda ya yi niyyar saye, ko a Sabon Gari ta Kano, ko ta hannun masu kawo kayan gwanjo daga kasuwar Alaba ta Legas, ga shawararmu. Ya tafi da abin awo a aljihu. Ya auna daga ƙashin saman wuya zuwa gaɓa ta 12, ya ninka biyu, abin da ya samu shi ne tsawon gaskiya, ko me dillali ya faɗa. Ya ɗaga jitar ya hangi wuyanta daga sama zuwa ƙasa kamar mai duba miƙewar azara. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, amma wuyan da ya murɗe ba shi da magani mai araha. Ya tambaya ko ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake miƙe shi da shi, yana juyawa. Ya danna kowace gaɓa a kan kowace tsirkiya ya saurara ko akwai zuza. Ya sa a jona ta da lasifika, ya murɗa kowane maɓalli. Ya rataya ta a kafaɗa ya saki, ya ga ko kanta yana rinjaya ƙasa. Kada suna a goshin jita ya ruɗe shi, don manna suna ba wuya gare shi ba, kuma jabu ta cika kasuwa. Squier Bronco ko Ibanez Talman ta gaskiya mai inci 30 ta fi Fender ta ƙarya sau goma. Mu kuma da muka san halin wutar lantarki a garuruwanmu, gara a zaɓi jitar da ba ta bukatar batir a cikinta, a haɗa ta da ƙaramar lasifika mai caji. Aika kuɗi a kan hoton waya kuwa cinikin biri ne a sama.

Bayan saye sai riƙo. Waɗannan jitoci an ƙera su ne a ƙasashe masu laima, mu kuwa muna da hunturun da ke tsage leɓe balle katako. Idan iska ta bushe katakon wuya yakan tsuke, bakin ƙarafan gaɓoɓi ya fito yana yankan hannu, idan damina ta sauka kuma ya kumbura, tsayin tsirkiya ya sauya. Saboda haka a ajiye jita a cikin jakarta, nesa da rana da zafin kwanon rufi, a goge gumi da ƙura bayan kowane kiɗa, a kuma duba saitin wuyanta sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina.

Sai maganar sayarwa da musaya, wadda a nan ne mutuncinmu yake. Masu wannan sha'awa a yammacin Kano ba su da yawa, kusan kowa ya san kowa, jita ɗaya takan zaga hannu uku ko huɗu. Wanda ya ɓoye murɗaɗɗen wuya ya sayar wa ƙanen abokinsa ya ci ribar kwana ɗaya, ya kuma kashe kasuwar da shi ma gobe zai nema. A faɗi aibin kaya kafin a yi tayi, a bar mai saye ya gwada a natse, in an bi ta hannun dillali a san la'adarsa tun farko. Wanda hannunsa ya girma yake son komawa doguwa, ya sayar wa na baya gajeriyarsa da rangwame, ya haɗa masa da darasi biyu ko uku.

Daga ƙarshe muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Kabo da Gwarzo, da matasan malamai da ma'aikatan ƙananan hukumomin nan biyu. Kuɗin da ake kashewa a walimar ƙarshen zango guda, in aka tattala, zai iya kama hanyar sayen gajeriyar bes da ƙaramar lasifika, a ajiye su amana a hannun wani malamin sakandare, yara su riƙa koyo lokacin hutu. A kuma gayyato masu garaya da gurmi na ƙauyukanmu su zauna da waɗannan yara, don kunnen da ya san kiɗan gida shi zai san abin da zai ce da tsirkiyar baƙi. Mun sani har yanzu akwai masu kallon kowane makaɗi a matsayin maroƙi, amma kiɗa ilmi ne mai lissafi da ƙa'ida, kuma sana'a ce da ke ciyar da masu ita a ko'ina cikin duniya. Wanda ya yi niyya ya auna hannunsa tukuna, sannan ya auna aljihunsa, sannan ya shiga kasuwa. Allah ya sa mu dace.