Suna a takarda, mutum a gida

Ku manoman gandarin Ƙonni, ku faɗi tsakaninku da Allah: yaushe rabonku da taron ƙungiya? Ran da anka ce za a rubuta sunaye don taki ko iri, tun asuba layi ya miƙe, har mai ciwon ƙafa sai ya rarrafo. Ran da anka kira babban taro don a karanta lissahin kuɗin ruwa, daga 'yan biro sai tabarmi. Masu albasa na Galmi da manoman Badagishiri kar su yi dariya, ciwon ɗaya ne.

Wanga gandari ya haura eka 2,400, yana shan ruwan Magiya daga madatsun Mozage da Zango, ta Cerasa. Gwamnati ta kafa ONAHA a 1978, amma tun taron Damagaram na 1982 anka ce manoma su riƙe gandaye da kansu ta hanyar ƙungiyoyinsu. Shekara arba'in ke nan da wani abu, har yau in hanyar ruwa ta cushe sai ka ji mutum na cewa "su zo su gyara". Su wa? Kai ne su!

Na san abin da za a ce mani: aiki ya yi yawa, babu lokaci. Wanda ke kwashe awa ukku a fada yana shan shayi, yana zagin biro, ba lokaci ya rasa ba. Dalilan gaskiya ba a son faɗinsu. Wanda ake bi bashin kuɗin ruwa yana tsoron ya buɗe baki a karanto sunansa gaban mutane. Yaro ba ya iya musu da sa'an ubansa, ko da lissahin bai hau ba. Mace kuwa, sunanta na cikin rajista saboda masu ba da tallahi sun ce dole a sa mata, amma babu mai aika mata ranar taro. Wani ma filin aro gare shi ko haya, mai sunan yana Yamai ko Legas.

Kuma kar 'yan biro su riƙa kukan jama'a ba su zuwa. Akwai waɗanda haka ta fi masu daɗi. A sa taro ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, a sanar da shi daren Talata, a karanta lissahi da Faransanci, sannan a ce mutane ba su damu ba? Dokar OHADA ta 2010 kan ƙungiyoyin gama-kai ta ba kowane mamba ƙuri'a ɗaya, mai kadada biyar da mai ƙaramin fegi daidai suke. Wanda bai zo ba, ya bar tasa ga waɗanda sunka zo.

Wa ke biya? Na ƙarshen hanyar ruwa. Na sama ya sha ya ƙoshi, ciyawa da yashi su tare sauran, albasar na ƙasa ta ƙone tun ba ta yi kai ba. Shi ya fi kowa bukatar a tsara zagayen ruwa a gaban jama'a, shi kuma ya fi kowa ƙaurace wa taro, wai ya yi fushi.

Amurka ta sa hannu da Nijar a 2016 kan tallahin MCC na dala miliyan 437, gyaran gandarin Ƙonni na ciki. Siminti anka zuba, ba a zuba masu yasar hanya ba. Taro mai zuwa, ku nemi a sa shi ranar da ba kasuwa, a karanta lissahi da Hausa, a liƙa shi a ƙofar sito, kuma a kira sunan kowa daga rajistar nan da anka raba taki da ita.