Hukuncin Kotu Ba Kuɗi Ne A Hannu Ba

Jama'a, akwai wani abin da ke damun 'yan'uwanmu masu gidajen haya a nan Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabon Badun. Mutum zai kai ɗan haya ƙara, ya yi wata da watanni yana zirga-zirga, Majistare ya ce a fita a kuma biya bashin haya. Ɗan haya ya kwashe kayansa da dare, mai gida ya tashi da takarda kawai a hannu.

To, a sani kotu ba ta bin bashi da kanta. Sai mai gida ya koma ya nemi a zartar da hukuncin. Hanya ta farko, a ba ma'aikatan kotu izini su kama kayan wanda ake bi, a yi gwanjonsu. Ta biyu, in an san bankinsa, alƙali ya umarci bankin ya biya daga ajiyarsa. Ta uku, a yi masa sammaci ya zo ya bayyana abin da ya mallaka, a yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Amma duk hanyoyin nan suna bukatar a san inda mutum yake. Wanda ya hau motar Kano ba sallama, ina za a kai masa sammaci?

A ganina laifin namu ne tun farko. Muna ba da ɗaki don an ce "ɗan garinmu ne", ba yarjejeniya a rubuce, ba rasit, ba mai tsaya masa. Ranar shiga ake shirin ranar fita. A rubuta sunan mutum da wurin sana'arsa, wani dattijo sananne ya sa hannu zai biya in ya gudu.

Kada kuma fushi ya sa a ɗauko 'yan daba ko a cire ƙofa. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta mai da wannan laifi, har da ɗauri. Mai bin bashi sai ya koma mai amsa tuhuma.

Ku kuma 'yan haya, bashi hanji ne, yana cikin kowa. In abu ya gagara, a je gaban Sarkin Hausawa a yi sulhu. Duk wanda ya gudu da kuɗin haya, ya rufe wa baƙon da zai sauka gobe ƙofa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.