Ƙararrawar Ƙarfen Sabis da Nauyin da ke Wuyan Masana Hausa

A gindin kowane ƙarfen sabis akwai akwati ko ɗan ɗaki da masu wucewa ba su cika lura da shi ba. A ciki ne kayan sadarwa suke, tare da batura da na'urar da ke daidaita wutar janareto. An kuma dasa wasu ƙananan na'urori masu sa ido: wata tana auna zafi, wata laima, wata tana sansano hayaƙi, wata tana lura da buɗewar ƙofa, wata kuma tana cikin tanki tana bin sawun man dizal. Duk abin da suka tsinkaya sukan aika da shi cibiyar kula da ke can nesa, inda injiniyoyi ke zaune gaban allon kwamfuta dare da rana.

Tun a shekarar 1992 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba X.733 wadda ta tsara waɗannan saƙonni. Ta kasa su gida biyar, na muhalli na ɗaya daga ciki, sannan ta ba su matakai shida: wanda ya tsayar da aiki, wanda ya raunana shi matuƙa, ƙaramar matsalar da ba ta taɓa aiki ba tukuna, alamar matsalar da ke tafe, wanda ba a iya tantance nauyinsa ba, da kuma sanarwar cewa matsala ta kau. A bakin mai gadi da makanikin janareto, waɗanda su ne ke iya kai hannu kafin injiniya ya iso, duk shidan sunansu ɗaya, wato ƙararrawa. Wannan giɓi ne na harshe, kuma cike shi aikin masana Hausa ne.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Batir mai dalma da ruwan asid an ƙera shi ne don ya yi aiki a zafin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yakan rage rabin rayuwarsa. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Idan ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, to baturan sun fara mutuwa a hankali, kuma ranar da janareto ya ƙi tashi gari guda zai wayi gari babu kira, babu tura kuɗi. Sai dai idan aka saita iyakar zafi ƙasa da abin da yanayin wurin ya saba kaiwa, saƙon zai yi ta shigowa kullum da azahar har ido ya saba da shi ya daina ganinsa. A matatar mai ta Milford Haven da ke Birtaniya, a 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 cikin mintuna 11 na ƙarshe kafin wurin ya fashe. Yawan saƙon ne ya binne wanda ya kamata a ji.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan. Ba a buga tambari don kowane baƙo, kuma harshen ya bambanta kururuwa da yekuwa, ya bambanta gargaɗi da tuni. Kalmomin suna nan, kowace da nauyinta a kunnen mai ji. Abin da ya rage shi ne a zauna da ma'aikatan fili, a gwada wace ce ke sa mutum ya tashi da gudu, wace ce ke sa ya rubuta ya jira safiya, sannan a jera su daidai da matakan nan shida. Aikin ƙirƙirar kalmomi a jami'o'i ya fi karkata ga nahawu da adabi, kamar yadda littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna, kuma ya yi amfani ƙwarai a fagensa. Fagen injiniya ne har yanzu yake jira.

Za a iya cewa injiniyoyi da Ingilishi suke aiki, don haka wahalar ba ta da dalili. Haka ne a cibiya. Amma da zarar injiniya ya ɗaga waya ya kira mai gadi a wani ƙauyen Zamfara da tsakar dare, magana ta koma Hausa, kuma a nan ne ma'ana ke zubewa. Misali ɗaya ya isa. A tsarin kula da na'urori akwai bambanci tsakanin amsa saƙo, wato nuna cewa an gan shi, da kawar matsalar kanta. Idan mai gadi ya ce "an kashe ƙararrawa", jimlar tana ɗaukar ma'ana uku: an yi shiru da ƙarar, ko an cire wayar na'urar, ko an gyara abin da ya lalace. Injiniyan da ya ɗauki ta ukun zai rufe rahoto ya koma kan wani aiki, alhali zafin da ke cikin akwatin yana ci gaba da hawa.