Gida Naka Ne, Amma Korar Ɗan Haya Ta Kotu Ce

Duk lokacin da batun haya ya taso a zauren hira, nakan ji wasu masu gidaje na cewa, "Da gumina na gina, in na ce a fita sai a fita." Ina girmama wannan gumi, amma a makon nan ina so in ja hankalin masu gidajen haya, musamman na Abuja da Legas, cewa doka ba ta tafi a kan wannan fahimta ba. Daga ranar da ka karɓi kuɗin mutum ka miƙa masa makulli, zamansa a gidan ya zama haƙƙi, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi.

A Abuja, dokar karɓe gida daga hannun ɗan haya ta shimfiɗa matakai uku. Na farko shi ne takardar notis. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi na daban ba, mai biyan mako-mako yana da mako ɗaya, mai biyan wata-wata yana da wata ɗaya, mai biyan duk wata uku yana da wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata takarda ta kwana bakwai da ke sanar da shi niyyar zuwa kotu. Bayan nan ne ake shigar da ƙara, kuma ko an yi nasara, ma'aikatan kotu ne ke zartar da hukuncin.

Legas ta ƙara tsaurarawa da dokar haya ta 2011. Ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta wajabta bayar da rasit, ta kuma mayar da fitar da mutum da ƙarfi ko tsangwamarsa laifi mai jawo tara ko ɗauri. Sai dai dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da GRA ta Ikeja ba.

Saboda haka kwaye rufin kwano, ko canza kwaɗo, ko yanke wuta da ruwa, ko watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne. Ko gwamnati ba a ƙyale ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda fitar da Odumegwu Ojukwu da ƙarfin 'yan sanda daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Idan gwamna bai tsira ba, ina ga wanda ya tara kuɗin fansho ya gina ɗaki huɗu?

Na san hujjar masu gidaje, kuma tana da nauyi. Shari'a takan ɗauki watanni, akwai kuma 'yan hayar da ke fakewa da jinkirin suna zaman kyauta, alhali wata gwauruwa da wannan kuɗin take ciyar da marayu. Amma doka ta ba mai gida damar neman bashin haya da kuɗin duk kwanakin da aka ƙara bayan cikar wa'adi. Wanda ya fasa ƙofa kuwa, mai bin bashi ne ya mayar da kansa mai biyan diyya.

Shawarata ga masu gidaje ita ce su rubuta yarjejeniya tun ranar farko, da ranar shiga da ta fita da wanda gyara ya rataya a wuyansa, su kuma adana kwafin kowane rasit. In zama ya ƙi, a sa lauya ya rubuta notis, domin kuskure a lissafin wa'adi kan iya mayar da shari'a farko. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.