Tuban shugaban ɓarayi, a gaban alƙali ake auna shi

Mutanen gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela sun san abin da ke gudana a ƙetaren iyaka. Daga Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato tafiya ce ƴar kaɗan, ana cin kasuwa tare, ana auratayya. Saboda haka maganar ɓarayin daji ta shafi manomin albasa na Galmi, ta shafi makiyayin da ke kora garkensa kudu da rani. Tambayar da ke gaban hukumomi ita ce: in shugaban ɓarayi ya ce ya tuba, zai taimaki gwamnati, a karɓe shi ko a ƙi?

Labarin Auwalu Daudawa ya isa darasi. Ran 11 ga Disamba 2020 shi da mutanensa suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, cikin jihar Katsina. A watan Fabrairu 2021 ya zo Gusau, gaban gwamnan Zamfara Bello Matawalle, ya miƙa bindigogi, ya rantse da Alƙur'ani ba zai sake ba. Ba a kai shi gaban alƙali ba. Kafin wata uku ya koma daji, aka kashe shi a ƙarshen Afrilu cikin faɗa da wasu ɓarayi. Kafin shi, Buharin Daji ya yi sulhu da gwamnatin Zamfara a 2016, ya warware alkawari, yaronsa Dogo Giɗe ya kashe shi a 2018. Wannan shi Bahaushe ke kira tuban muzuru.

A ƙasar Italiya an bi wata hanya dabam. Tommaso Buscetta babba ne cikin ƙungiyar Mafiya ta tsibirin Sisili. Abokan gabarsa sun hallaka ƴaƴansa biyu a 1982. An kama shi a Burazil, aka mai da shi gida a 1984, ya zauna gaban alƙali Giovanni Falcone, ya bayyana yadda ƙungiyar take: wa ke ba da umurni, wa ke kisa, yadda ake rantsar da sabon shiga. Falcone bai ɗauki maganarsa haka nan ba, ya gwada ta da takardun banki da bakin wasu shaidu. Aka yi babbar shari'ar birnin Palermo daga 1986 zuwa 1987, aka gurfanar da mutum 475, aka ɗaure fiye da 300. Mafiya ta rama, ta kashe Falcone a 1992. Shi kuwa Buscetta ya ƙare kwanansa a ɓoye a Amurka, ya mutu a shekarar 2000.

Bambancin a fili yake. A Gusau an karɓi bindiga da rantsuwa, alhali bindiga ana sayen wata, rantsuwa kuma mai sace yara ba ya tsoron ta. A Palermo an karɓi sunaye da shaida. Ɓarawon daji ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai mai kai masa man babur da abinci, akwai mai sayen shanun sata, akwai na cikin gari da ke nuna masa gidan mai dukiya. Shugaba ne ya san su duka, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasu za su ce sassauta wa mai kisa zalunci ne ga marayu da matan da aka bari. Maganarsu tana da nauyi. Amma sassauci ba yafewa ba ne. Rage wa mutum ɗaya shekarun kaso domin a kama hamsin ya fi barin su duka a daji. Abin da bai halatta ba shi ne a ba shi kujera da kyauta, wanda aka zalunta yana kallo.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan al'amari, tunda ta buɗe ƙofa ga tubabbun Boko Haram a ƙarshen 2016, aka tara su a Gudumariya cikin jihar Diffa. To amma hukuncin yaron da aka ja da ƙarfi dabam ne da na shugaba. Ga shugaba, sharuɗɗa huɗu suka wajaba. Na farko, ya yi magana gaban alƙali, a rubuta. Na biyu, a yanka masa wa'adi. Dokar Italiya ta 2001 kwana 180 ta ba mai tuba ya faɗi duk abin da ya sani. Na uku, kada jandarma ya kama kowa a kan bakinsa kaɗai, domin ɓarawo yana iya laƙa wa abokin gabarsa ko wani makiyayi bawan Allah laifi. Na huɗu, ya mai da dukiyar mutane, hukuma kuma ta kare iyalinsa daga ramuwa.

Sarakuna da masu gari da malamai su ne tubabbe kan fara nema su yi masa iso. Aikinsu shi ne su raka shi gidan shari'a, kada maganar ta ƙare a zaure. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.